Albasa a Rudu

Barira ta dawo daren Laraba,
takalma rataye a wuya, takardu uku a jaka.
Ta sunkuya ta shigo zaure,
ƙofar da na sa magini ya ɗaga mata
tun tana aji shida.

Ta ce: Baba, kai ka san ciniki.
Wannan ta jami'armu ce, nan Tawa,
saura shekara guda in karɓi lisans,
mai horar da mu ya ce in zauna, a kaina zai gina ƙungiya.
Wannan daga Yamai, fili mai rufi,
amma sai na maimaita aji.
Ta ukun wani mai tabarau ya kawo,
kwantiragin Abijan, shekara biyu,
albashin wata ya fi buhu arba'in.

Na ce: ni albasa na sani.
Ka sayar da kaka, dillali ya yi maka dariya.
Ka ajiye a rudu, kuɗi su hau,
ka buɗe ka tarar rabi ta ruɓe.
Shekara talatin ina wannan caca,
ban taɓa gane ranar daidai ba
sai bayan ta wuce.

Ta ce: Baba, ni ba albasa ba ce.
Na ce: gaskiyarki.
Amma gwiwar nan ta hagu fa?
Ina ganin ki da asuba kina naɗe ta,
kina zaton lazimi ya ɗauke mini ido.

Uwarta daga madafa ta ce Abijan da nisa.
Ƙanenta Sidiku tuni ya sayi babur a ransa,
har ya zaɓi ja.

Ran Asabar na je filinsu, karo na farko.
Ban gane usur ba, ban gane lissafi ba.
Na dai ga ƴata ta bar ƙasa,
ƙwallo ta bar hannunta,
tsakanin yatsu da kwando
ba ta kowa ba ce.
Jama'a suka bi ƙwallo da ido.
Ni na bi ƙafar da za ta dira.

Lahadi na buɗe rudu.
Buhu goma na fitar, kan kuɗin da raina bai so ba:
na mota, na masauki, na hoton ƙashi.

Takardun suna ƙarƙashin matashinta,
alƙalami ma nata ne.
Amma kafin ta sa hannu,
a bari gwiwa ta faɗi nata.