Bakwai a Kwance

A Aboabo, bakin shagon Tanimu tela,
nakan shimfiɗa jaridar jiya a cinya.
Ta yau sai masu albashi,
tawa Mma Adiza ta naɗo ƙosai da ita.

Guntun fensir, gidaje fari da baƙi.
Huɗu a tsaye: kogi. Na ci.
Bakwai a kwance: man ƙosai ya cinye tambayar.

La'asar ta gota, yaran mota na kiran Kejetia,
ni ina farautar kalma guda.
Tanimu ya ce, "Tsoho, wa zai biya ka?"

Amsar tana jaridar yau,
gobe za ta iso
in ba a ƙunshe gyaɗa da shafin ba.

Na bar gidajen wayam.
Tun rasuwar Lantana
na koyi zama da gurbi.