Kafin Juma'a

Ƙarfe ɗayan dare a Anglo-Jos,
janareto ya yi tari sau biyu.
Ina ƙirga gangunan soda
da Alhaji Ɗanjuma ya shigo da su,
kamar mai bitar hadda.

Fom ɗin gwamnati na son nauyi,
da suna, da tashar da aka sauke.
Kafin Juma'a, in ji shi,
ko a ci mu tara.

Na duba har shafi na tara,
babu gurbin hannun Nanbol
da ya saɓule wajen juye asid,
balle rafin bayan katanga
inda kwaɗi suka yi shiru tun bara.

Tan arba'in da biyu, na rubuta.
Shayina ya huce.
Na buga hatimi, ya ɗan karkace.