Shafi na Huɗu

Nebraska, 1874

Da ƙullun fulawa na liƙe jaridun a bango
don ƙasa ta daina zubo mana cikin miya.
Da ɓawon ƙasa muka gina ɗakin, saiwa da ciyawa,
Orrin na yankowa, ni ina jerawa.
Yanzu duk inda na juya, wani na yi mini talla.

Bisa murhu, keken ɗinki, dala sittin, biya kaɗan-kaɗan.
Gefen taga, agogon aljihu, irin kabeji,
man da ke mai da furfura baƙa,
haƙoran kanti da ko uwarka ba za ta gane ba.
Ga wata mace da ƙugu kamar na zanzaro
tana murmushi a kife, don kai ƙasa na liƙa ta.

A bangon nan Lavinia ta koyi karatu.
Ba da Littafi Mai Tsarki ta fara ba, Allah ya yafe mini.
Kalmarta ta farko ARAHA, ta biyu TABBAS.

Na saman gadon kuwa, na san shi kamar yunwar cikina.
A Ohio ya karanta mini, fitila na hayaƙi:
"Eka ɗari da sittin, ƙasa baƙa mai maiƙo,
ruwa a kusa, jirgin ƙasa na tafe,
shekara goma kana biya."
Sau uku ya karanta.
A na ukun muryarsa ta sauya,
na san mun riga mun tafi.
Ko mako ba a rufa ba aka ja saniyata da igiya,
tana waiwaye, ni ina ƙirga kuɗi.

Ba duka ne ƙarya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.
Ƙasar baƙa ce. Ekokin sun cika cif.
Ruwan ma yana kusa,
in gaba ashirin cikin ƙasa kusa ne.
Iska ce ba a rubuta ba.
Ba a rubuta fara ba,
wadda ta sauko a Yuli kamar an kife dare da tsakar rana,
ta cinye masara, ta bi albasa har rami,
ta gwaigwaye ƙotar fartanya don gishirin guminsa.
Ba a faɗi ta wa ce gonar kafin mu ba.
Garma ce ta faɗa,
ran da ta tono kan kibiya da tsingaro.

Da tari ya kama Orrin, bai yi nisan nema ba.
Taki ɗaya daga tallan gonar
ga Dakta Marbury da gemunsa na tawada:
Ruwan Zinariya, maganin tari, basir, sanyin ƙashi,
ciwon hanta, ɓacin rai.
Kwalba dala ɗaya, shida dala biyar,
har da shaidar wani fasto daga garin da ban taɓa ji ba.
Kuɗin ƙwai na aika.
Mako bakwai, akwati ya iso cike da ƙaiƙayi.
Na buɗe, na ji warin barasa da wani ɗaci.
Yana sa shi barci, wannan kam na shaida.
Jinin hankici bai san da zuwansa ba.

Kwalaben shida suna taga yanzu.
Da hantsi rana kan bi ta cikinsu,
ta zuba kore a kan gadon da babu kowa.
Lavinia ta tsinko furen jeji ta sa a ta huɗun.

Jiya na tambayi mai gidan waya.
Kalma arba'in, in ji shi, rabin dala, fitowa biyu.
Ga ni da fensir da bayan ambulan.
"Gona ta sayarwa," na rubuta. "Ƙasa baƙa."
Na ɗan dakata. "Ruwa a kusa."

Wani wuri can gabas, wata na goge gilashin fitila,
mijinta na gyara murya.

Iska na tura ƙofa.
Saura mini kalma talatin da biyu.