Alli da Fenti

Na ƙirga su da asuba, bayan ruwa ya ɗauke:
babur tara, mota uku,
da rabin Fijo da kaji suka mayar ɗakin haihuwa.
Tsakar gidan da mahaifina ya bar mini a Aboabo
yanzu sai a karkace ake ratsa ta.
Lariba in ta yi wanki
a madubin Basfa take shanya ɗankwali.
Ba ta cewa komai.
Shirunta ya fi hon ƙara.

Shekara talatin da huɗu ina Magazin na Suwame,
kwance ƙarƙashin motocin mutane,
baƙin mai har cikin farce.
In na tayar da matacciya, mai ita ya zo da yamma,
ya ƙirga mini sidi, ya karɓi makulli, ya tafi.
Shi ya sa na fara tara nawa,
waɗanda ba mai zuwa ya ce a ba shi.

Jan Hondan can shi na hau zuwa Tamale
ran da aka ce jikin tsohuwa ya yi tsanani.
Na tarar an dawo daga kai ta.
A hanyar komowa ya mutu mini a Kintampo,
babu dalili, fulogi lafiya, tanki cike,
kamar ya san ina bukatar bakin hanya
da wurin zama, da duhun da ba mai ganina.
Wannan nawa ne kuɗinsa?

Adomako ya zo jiya da sikeli a bayan a-kori-kura.
Mutumin kirki ne, ya gaishe ni da Hausa,
ya ƙwanƙwasa ƙofar Bitil da ɗan yatsa
kamar mai zaɓen kankana,
ya ce, Baba Mumuni, a kilo zan saya.
Wani yaro kuma daga Ankara yana son Basfa,
ba don ya hau ba,
wai zai kafa ta a ƙofar gidan abinci, ya dasa mata fure a sirdi.
Na ba su ruwa suka sha.

Amma gwiwata ta dama ta daina buga kik.
Tsatsa ba ta barci, ni kuwa ina yi.
Ɓera ya cinye wayoyin Datsun tun bara,
sauro ya yi unguwa a tsofaffin tayoyi,
jikana ya kwana uku a asibiti.
Azumi na biyan hayar shago a Asawase,
keken ɗinki huɗu, 'yan koyo shida, wuri kamar akwatin ashana,
ga filin ubanta cike da ƙarfen da ba ya zuwa ko'ina.
Ta faɗa sau ɗaya, a hankali, tana duban ƙasa.
Gaskiya ce. Na ji haushinta kwana biyu don gaskiya ce.

Jiya da la'asar na ɗauki alli.
Na ce biyu za su zauna, saura su tafi.
Na ja wa Datsun layi, na ja wa Bitil,
Yamaha na bar wa Isaka, tsohon yarona,
shi ya san inda take tari.
Da na zo kan Basfa hannuna ya yi nauyi,
a kanta na ɗauko Lariba daga Kejetiya, tana riƙe da gefen rigata.
Na ja layin dai, siriri.

Cikin dare aka sake ruwa.
Ina kwance ina jinsa a kan kwano, ina jinsa a kan boneti,
ban tashi na rufe komai ba.
Gari ya waye, ko ɗigon alli babu.
Na ce, to, ikon Allah.

Lariba ta kawo koko da ƙosai ta ajiye,
ta koma ciki, ta sake fitowa,
ta dire ɗan gwangwanin farin fenti kusa da kofin,
da buroshi.
Ta ce, Basfar ka bar ta,
ina zan shanya ɗankwali?