Yatsun Magini

Tun asuba na baro Kumo,
takarduna a leda, ledar a ƙarƙashin hula,
na sauka Gombe rana ba ta ɗaga ba.

Hajjo ce ta bugo daga Alƙahira:
"Baffa, bana za a sa mini rigar likita,
ka zo ka gani da idonka,
kada a ba ka labari kamar ba kai ka biya ba."
Na ce to.
Ashe wannan to ɗin doguwar tafiya ce.

Yaron shagon kwamfuta ya ce, "Ranar haihuwa?"
Na ce shekarar da jirgin ƙasa ya fara kuka a garin nan,
inna ta ce ana cirar gyaɗa.
Ya ce babu gurbin gyaɗa a fom.
Ya ba ni ɗaya ga watan ɗaya,
ranar da yake raba wa duk tsohon da bai san tasa ba.

A katin ɗan ƙasa ni Manu ne,
a takardar ƙaramar hukuma Usmanu,
banki kuwa ya ɗaura mini Kumo a wutsiya.
Ofisa Lamela ya jera su a tebur:
"Mutum uku ne nan, Baba. Wanne zai hau jirgi?"
Sai da na je kotu na rantse
cewa ni ne ni, babu wani ni da ban sani ba.

Aka ce cire hula, fito da kunne,
jingina da farin ƙyalle, rufe baki.
Hoton ya fito kamar mai bin bashi
da ba a biya ba.

Sai na'ura.
"Ɗora babban yatsa." Ja.
"Ɗora manuni." Ja.
"Baba, zanen yatsunka ya goge."
Na ce bai goge ba, ƙaura ya yi.
Shekara arba'in siminti na ci:
je ka Pantami ka duba katangu,
je ka ajin da Hajjo ta fara ƙidaya,
yana nan a shafen bango, ruwa bai wanke ba.

Lamela bai yi dariya ba.
Ya ce ubansa ma maƙeri ne a Kaltungo.
"Man kaɗanya safe da yamma,
kada ka taɓa bulo, ka dawo Talata ta sama."
Kwana takwas ina zaune kamar baƙo a gidana,
cokalin gini na harara ta daga lungu.

Ran Talata tara suka yi gum.
Sai ɗan autan hagu,
ragon da bai taɓa ɗaukar nauyi ba,
shi ya tsaya mini shaida.
Kore!

Littafin ya zo, na sunsuna shi.
Ashe ƙofar gidanmu kaɗai ya buɗe,
ta maƙwabci sai biza:
wasiƙar gayyata, katin allurar shawara,
tikitin zuwa da na komowa,
da abin da ya kwana a banki wata shida.
Nawa bankin yana tuƙa a turke,
sauran buhun wake ne da ƙwari ba su gano ba.

Kakana Gidaɗo ya kai Makka da sanda da gora,
shekara bakwai, babu mai tambayarsa hoto.
Amma shi bai dawo ba.

Ni an ce in kawo hujjar zan dawo.
Wace takarda ke ɗaukar kabarin uwar Hajjo?
Ina hatimin mangwaron da na dasa bara,
da ginin Malam Barde da na bari a linta,
da jikan da ba ya cin tuwo sai a cinyata?
Na rubuta: magini ne, da sauran aiki.

Takardu sun tafi Abuja, watan na ƙaratowa.
Na koma kan tsani, ciki ba ya jiran jakada.
Yara na dariyar tsumman da na naɗe ɗan auta.
Ku yi ta yi.
Tara na neman tuwo,
ɗaya na tsaron hanyar da ban taka ba.