Lalube a Ramin Tagulla

A Atakama, bakin tsohon rami,
Ximena ta saki saƙagonta,
mai ƙafa shida, bai kai ɗan akuya ba.
Taswirar kamfani ta ƙare a mita tamanin.
Daga nan sai duhu.

Yana haskawa, yana awo, yana kintace.
Dama gajeriya ce, amma ƙasarta na rawa.
Hagu doguwa, ba a san ƙarshenta ba.
Ya tsaya daƙiƙa tara yana lissafi,
batir na tsiyaya kamar tsagaggen tulu.

Don Evaristo, shekara talatin a ramin nan,
ya leƙa allo, ya yi tari:
"Ni da hanci nake zaɓa."
"Shi da shakka," in ji Ximena,
"kowane taku na rage masa jahilci."

Ya bi hagu. Ya tarar da bango.
Ko kunya bai ji ba.
Ya goge layi, ya juyo, ya zana sabo.

Tsohon ya tuɓe hular kwano.
"Nan ƙanena ya iso, shekarar da rufin ya rufta.
Shi ba wanda ya koya masa ja da baya."