Jirgin Ƙarfe Uku

Ƙarfe uku da minti goma
jirgin kwal yake ratsa gaɓar kogin Ohio.
Shekara sha tara ina gidan nan,
ban taɓa jin sa ba sai bana.
Yanzu har taragunsa na sani:
ɗari da huɗu ran Litinin,
ran Alhamis babu biyu.

Yau kwana arba'in da ɗaya
da na miƙa wa mai kemis ragowar kwalbar.
Amai ya wuce, zawo ya bi sahu,
rawar ɗari ta naɗe kayanta.
Na ce shi ke nan.
Ashe baƙi masu hayaniya ne suka tafi,
masu shirun sun kama ɗaki.

Da dare ƙafafuna ba nawa ba ne.
Kamar an zuba tururuwa cikin ɓargo.
Suna ta hawan tsanin nan da na faɗo,
rufin coci, shekara shida baya,
safiyar da raɓa ta daskare a kan kwano.
Ƙashin baya ya ɗinke tuntuni,
maganin ne ya zo jinya ya ƙi sallama.

Lorene ta koma ɗakin yara.
Ba fushi ba ne:
asubanci take yi gidan kula da tsofaffi,
ni kuwa shure-shure nake kamar ɗan maraƙi.
Takan bar mini zanen gado na biyu a kan kujera,
ta san na farko zai jiƙe kafin ɗaya.

Likita Okonski ta ce:
juya agogo ya dubi bango,
ban da kofi in rana ta raba,
in barci ya ƙi, kar ka yi kokawa da gado, tashi.
Na ce, sai yaushe?
Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa.
Ta ce, jiki ba ya ba da rana.

An ce barci ɓarawo ne.
To ga ƙofa na bari a buɗe,
fitila a kashe, kare a ɗaure,
ya zagaye unguwa kaf ya tsallake ni.

Sai in tara ruwan zafi in jiƙa sawu,
in yi hamma ashirin da ba ta haifar komai,
atishawa uku-uku, ba mura.
Shekaranjiya tallar taya ta sa ni hawaye.
Tallar taya!
Abinci duk ɗanɗanon kwali.
Wani lokaci in yi gyangyaɗin minti bakwai,
in ga farar ƙwaya a aljihun rigar aiki,
in farka hannuna na lalube.

Nan nake kiran Wendell.
Yana gadin dare a ma'aunin manyan motoci,
shekara uku rabonsa da ita.
Ba ya wa'azi.
Ya ce shi sai da ya yi wata huɗu,
naka na iya fin haka, yana iya kasawa.
Daga nan mu koma zancen kifi,
da injin kwalekwalensa da ya ƙi tashi,
har wata tirela ta hau sikeli ya ce, riƙe.
In riƙe.
Wannan kalma ɗaya ita nake haɗiya yanzu.

Jiya na kwanta ban sa rai ba.
Na tuna ƙafar dama tana zillo,
na tuna kare ya yi ajiyar zuciya.
Sai haske a labule.
Motar Lorene ba ta ƙofar gida,
zane na biyu yana kan kujera a ninke.

Jirgi ya wuce ba ni.
Ban san taragu nawa ya ja ba.

Mai yiwuwa daren yau in sake ƙirga su.
Na dai zauna bakin gado,
na juyo da agogo, na dube shi ido da ido.